Raka'a ta Huɗu a Magariba

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba", na ga saƙonku. Wata baiwar Allah har cewa ta yi in ban turo yau ba, za ta fice daga guruf. Ƙofa dai ba a kulle take ba, amma zauna ki karanta wannan tukuna.

Mun bar Zaharaddeen a filin atisaye da yammacin Laraba. Kansa ya haɗu da gwiwar wani ƙato, ya kwanta, ya tashi, likitar kulob ta duba shi ta ce ya ci gaba. Ga waɗanda suka shigo a tsakiya, yaron unguwar Hindawiyya ne, a Jidda aka haife shi, iyayensa Hausawan Sudan. Zari-ruga yake bugawa, wasan nan da ake rungumar ƙwallo mai siffar gwanda a ruga da ita, ƙarti su bi ka su kayar. Bana aka fara biyansa don ya yi wasa, shi ne mai riga lamba biyu. Wasan Juma'a ne zai nuna ko kulob ya sabunta masa kwantiragi ko ya sallame shi. Kulob ɗin kuma shi ne kafilinsa, mai tsaya masa a wajen hukuma, tun bayan rasuwar mahaifinsa, iƙamarsa ta zama a ƙasar a hannunsu take.

To, ga shi ya dawo gida.

*

Aka kira Magariba, bai fita ba.

Masallacin a jikin gidansu yake, kuma tun yana yaro bai taɓa ƙorafin lasifikar ba. Yau da ladan ya ɗaga murya sai ya toshe kunne ɗaya da yatsa, ya miƙa ɗaya hannun ya kashe fitilar falo.

"Yaya, lafiya?" in ji ƙanwarsa Mastura, tana cire takalmi. Dawowarta ke nan daga ƙaramin asibitin da take karɓar marasa lafiya a Waziriyya.

"Ta'aban. Na gaji kawai. A gida zan yi."

Mahaifiyarsu, Hajiya Khadijatu, ta leƙo daga kicin. Ba shi ta kalla ba, Mastura ta kalla.

"Ke, faɗa wa wannan in ba zai fita ba ya zo ya ja mu."

"Wannan" shi ne sunansa a bakinta. Ɗan fari ne, ita kuma da kunyar ɗan fari ta taho daga Sudan, ta riƙe ta kamar yadda ta riƙe turminta. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yabonsa, in zai yi tafiya ba ta raka shi ko bakin ƙofa. Maƙwabta Larabawa suna kiranta Ummu Zaharaddeen, tana amsawa, amma ita ba ta taɓa furtawa ba. In an tambaye ta sunan a asibiti, Mastura take taɓawa ta amsa. Yaran sun yi mata tsiya har sun gaji.

Ya shimfiɗa darduma, suka tsaya a bayansa.

Fatiha ta fita lafiya. Da ya kama sura, gajeriyar nan da yaro ke iyawa tun kafin ya iya ɗaura wando, sai ya tsaya a tsakiya. Ya koma farko. Ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Ya yi shiru har aka ji limamin masallaci ya yi kabbara ta lasifika, sannan ya yi ruku'u haka nan.

A raka'a ta uku, inda ake zama, ya miƙe.

Mastura ta buga tafin hannunta a bayan ɗaya hannun, yadda mata ke tunatar da liman.

Bai zauna ba.

Ta sake tafawa, da ƙarfi.

Shi kaɗai ya tafi raka'a ta huɗu. Su biyun suka zauna suna jira har ya dawo ya same su, ya yi sallama.

Ya juyo yana murtuke fuska.

"Ish fiki? Tafin me kike yi a salla?"

"Huɗu ka yi, Yaya."

"Uku na yi."

"Huɗu."

"Wallahi uku."

"Ummi, nawa ya yi?"

Hajiya tana jan carbi, idonta a kan darduma.

"Rafkanwa ce, ba a kansa aka fara ba. A yi ba'adi a tashi, abinci na hucewa."

Aka yi ba'adi. Shi da kansa ya naɗe dardumomin ya ɗora a hannun kujera.

Ana shimfiɗa sufurar cin abinci aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Usama ne. Bakano, injiniya, aikin kwangila ya kawo shi Jidda, tsayinsa kuma ya kai shi zari-ruga. In ƙwallo ta fita daga fili za a jefo ta, shi ake ɗagawa sama ya cafke, Zaharaddeen ne mai jefowa. Don kada abokan hamayya su gane inda za a jefa, su biyun da Hausa suke yin sirrinsu, kuma sunayen abinci suka zaɓa. In Usama ya ce "kunu", gaba za a jefa. "Dambu" tsakiya. "Masa" can baya. Har Larabawan kulob da Turawansa sun haddace, kana ji ƙaton Bature na ihun dambu bai taɓa ganinsa ba. Duk a gidan nan aka samo sunayen, don Usama ba ya wasa da sufurar Hajiya. Masu cewa ba dambun kaɗai ke kawo shi ba, su suka sani.

Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Hajiya, barka da yamma. An wuni lafiya?"

"Lafiya lau, Usama. Ƙafarka da sa'a, zauna."

Ya ajiye wata baƙar jaka a gefen ƙofa. Zaharaddeen ya washe baki.

"Jakata. Ina ka samo ta?"

"A mota ka bar ta."

"Wace mota?"

"Tawa mana. Ba ni na sauke ka ba?"

Zaharaddeen ya ɗan tsaya.

"Sah, sah. Haka ne."

Mastura ta ajiye kwanon wake. Ta kalli Usama, shi kuma ya sami abin kallo a jikin burodin tamis.

Aka fara ci. Usama ya kawo hirar cunkoson hanyar Kurayyat, ya ja ta fiye da yadda ta cancanta. Zaharaddeen ya gutsuri burodi ya riƙe a hannu bai kai baki ba. Wannan mutumin da kocinsu ke sa shi cin abincin mutum uku.

Can idonsa ya sauka a bakin ƙofa. Ya sake washe baki, daidai irin na ɗazu.

"Jakata. Ya akhi, ina ka samo ta?"



Mastura ta goge hannunta da tsumma, a hankali.

"Malam Usama, me ya faru a fili yau?"

"Babu komai. Ɗan karo ne, irin na kullum."

"A ina?"

"A kafaɗa… da ɗan gefen kai."

"Ya suma?"

"Ba suma ba, ya dai ɗan kwanta."

"Likitarku, Duktura Jawahir, ta duba shi?"

"Ta duba shi. Ta yi masa tambayoyin nan nasu, duk ya amsa. Tambaye shi ki ji."

"Kai nake tambaya. Wanda bai san motar da ta kawo shi gida ba, shi ya amsa tambayoyin likita?"

"Ai lokacin ya fi haka."

"Mutum ya yi mana Magariba raka'a huɗu."

Usama ya ɗago da sauri. Wannan bai san da shi ba.

"Huɗu?"

"Ya kasa sura. Ya kashe fitila. Bai ci abinci ba. Yanzu ka faɗa min yadda aka yi ya amsa."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, na Usama ma ko zurfi bai yi ba. Ya ajiye burodin.

"Ta tambaye shi wane fili muke. Ya yi shiru yana kallonta. Ni ina bayanta, na durƙusa kamar ina ɗaure takalmi. Sai na faɗa masa."

"A gabanta?"

"Da Hausa. Ƙasa-ƙasa. Shi kuma ya mayar mata da Larabci."

"Ba ta ji ka ba?"

"Ta ji. Ta ɗauka addu'a nake masa, har amin ta ce."

Da wata rana ce da an yi dariya. Mastura ba ta yi ba.

"Sai kuma me?"

"Ta tambayi wace rana ce. Na faɗa. Da wa muka buga makon jiya, wa ya yi nasara. Duk na faɗa." Ya shafa ƙeya. "Da muka koma fili na ce masa kunu, ya jefa wa babu kowa. Na ce dambu, ya tsaya yana kallona. Na ce wa Kabtin Nawaf hannunsa ne ya yi gumi."

"Kuma wai kai ne injiniya."

"Mastura, ki saurare ni. In ta rubuta bugun kai, doka ce, makonni zai yi a benci. Juma'a Rayan ne zai sa lamba biyu, kuma Rayan ɗan ƙasa ne, ba ya bukatar kafili. Wa kike jin za su riƙe? Na yi tunanin in ya yi barci zai ware."

"In bai ware ba fa? In aka sake buga kan nan jibi?"



Ta ciro wayarta.

"Ba ni lambar Duktura. Daga nan asibiti za mu, a ɗauki hoton kansa."

Duk wannan Zaharaddeen yana binsu da ido, daga wannan baki zuwa wancan. Hausa in ta yi sauri tana ɗan tsere masa ko da lafiyarsa. Amma ya ji "Duktura", ya ji "Rayan", ya ga waya.

Ya miƙe tsaye. Sai da ya dafa bango.

"La. Ba za ki kira ba."

"Yaya, zauna."

"Ma fi shai. Kaina lafiya. Ciwo kaɗan ne, bas."

"Wace rana ce yau?"

"Ke ba duktura ba ce."

"Faɗa min ranar kawai."

"Halas, Mastura." Hausar ta fara kakkarye masa. "Tun ina ƙarami nake bin wasan nan. Ana min dariya a unguwa, ana cewa wasan Turawa, wasan raguna. Yanzu an ba ni riga. An ba ni iƙama da sunana. Wasa ɗaya ya rage. In sun sallame ni ina zan je? Sudan? Ban taɓa ganinta ba. Ban san kowa ba. Can ma yaƙi ake."

"Za a nemi wani kafili."

"Wa? Ke za ki nemo?" Ya juya ga Usama, ya dawo kanta. "Ku ji ni da kyau. Wallahil azim, duk wanda ya kira Duktura, ba ni ba shi. Har abada."

A ƙasa wani mai mota yana ta danna ham.

Mastura ta juya wajen mahaifiyarta.

"Ummi, ki yi magana."

Hajiya Khadijatu tana tattara gutsattsarin burodi wuri ɗaya da gefen hannunta. Ba ta ɗago ba.

"Ajiye wayar nan."

"Ummi…"

"Na ce ki ajiye. Namiji ne, ya ce lafiyarsa lau. Mahaifinku ya faɗo daga kan tsani a wurin aiki, washegari ya koma. A shafa masa man habbatussauda ya kwanta."

"Kai ne fa, Ummi, ba ƙafa ba."

"Na ji."

"Kin ji, amma ko a jikinki. Da ni ce da tuni kin ɗauki abaya." Idon Mastura ya cika. "Mutumin da ko sunansa ba kya iya faɗa, ina za ki ji ciwonsa?"

Usama ya sunkuyar da kai, ya yi da-na-sanin zuwa da jakar nan.

Hajiya ta kalli 'yarta na ɗan lokaci. Ba ta yi faɗa ba.

"Tashi ki ɗora shayi."

A nan zan ɗan sa baki, don na san wasunku sun fara zagin Hajiya. Tsoro take ji. Ta ga yadda ake tafiya da 'ya'yan maƙwabta in takarda ta mutu, ta ga uwayensu suna zaune da waya a cinya. Tun ranar da aka ce Juma'a ce mai yankewa barcinta ya ragu. Gaba kura, baya sayaki, ita kuma ta zaɓi wanda take jin ta sani. Sai dai macen da ba ta faɗin sunan ɗanta ba za ta zauna gaban baƙo tana cewa tana tsoron a raba ta da shi ba.

Mastura ta ajiye wayar a kan kujera ta shiga kicin. Ƙarar kofuna ta isar da sauran saƙon.

Aka kawo shayi da na'ana'a. Zaharaddeen ya koma ya zauna, fuskarsa ta saki. Ya kurɓa, ya ce sukari ya yi daidai. Har ya tsokani Usama a kan yadda yake sauka in an ɗaga shi, wai kamar buhun shinkafa. Usama ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba.

Hajiya ta saci kallonsa ta gefen ido. Ta ga yana dariya, ta ɗan sauke numfashi. Ta tura masa farantin dabino ba tare da ta nuna ita ta tura ba.

Ya ɗauki ɗaya. Ya kalli taga, ya ga duhu ya shiga.

"Subhanallah. An kira Magariba? Ban ji ba."

Kofin Mastura ya tsaya a hanya.

Ya miƙe yana naɗe hannun riga.

"Yalla, ku tashi. Masallaci sun gama, sai dai in ja ku a nan. Usama, kana da alwala?"

"Ina… ina da ita."

"Tayyib. Ina zuwa."

Ya wuce ta gefen kujera, hannunsa ya goge dardumomin da ya naɗe da kansa, bai ko kalle su ba. Ya shiga banɗaki. Aka ji ƙarar famfo.

Hajiya Khadijatu ta daɗe tana kallon dardumomin.

"Usama."

"Na'am, Hajiya."

"Kira matar nan."

"Hajiya, kin ji rantsuwar da ya yi."

"Ya manta ya tsaya gaban Ubangijinsa, rantsuwarsa ce zai tuna? Kira ta."

"In ya tuna daga baya fa? Ni zan kira, ya ƙi ni ni kaɗai. Ni na jawo."

"Ba kai za ka yi magana ba. Ba kuma ita ba." Ta miƙa hannu. "In ƙi ne, ya ƙi ni yana raye."

Usama ya danna lambar, ya sa a lasifika, ya miƙa mata da hannu biyu. Mastura ta riga ta ɗauko abayoyi biyu, ta tsaya da su a hannu.

Wayar ta yi ta ringi. Famfo na zuba.

Aka ɗauka. Muryar mace, da ƙarar hanya a bayanta.

"Alo, Usama? Khair?"

Hajiya ta gyara murya. Larabcinta na kasuwa ne, amma yana kai ta inda za ta.

"Ba shi ba ne, Duktura. Uwar ɗan wasanku ce."

"Ahlan, khala. Yi haƙuri ina tuƙi, ban ji da kyau ba. Uwar wa?"

"Mai lamba biyu."

"Ummu Rayan?"

"A'a."

"To Ummu wa, khala? Yaran suna da yawa a hannuna."

Hannun Hajiya ya tafi neman Mastura, yadda ya saba a gaban kowane teburin asibiti. Mastura ta matso, ta buɗe baki za ta amsa.

Hajiya ta janye hannun. Ta girgiza mata kai.

Famfo ya tsaya.

Ta matso da wayar kusa da bakinta. Leɓenta ya motsa sau ɗaya babu sauti, kamar mai gwada sabon takalmi.

"Zaharaddeen," ta ce.

"Na'am?"

Daga bayansu amsar ta fito.

Yana tsaye a ƙofar banɗaki, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Ya kalli Mastura, ya kalli Usama, yana neman wanda ya kira shi. Sai idonsa ya tsaya a kan mahaifiyarsa, murmushi ya fara buɗe masa fuska.

"Ummi… ke ce kika kira ni?"

Wayar da ke hannunta ta yi magana.

"Alo? Khala, ina jin ki. Me ya sami Zaharaddeen?"